Gilashin da Baffa Abdulgani Ya Bari a Bangon Masallaci

Ranar Talata, sha biyu ga watan Safar, wadda ta yi daidai da 18 ga Satumba 1956, ana fitowa daga sallar La'asar, wani mai keke ya iso Kalgo daga Gwandu ya tsaya ƙofar gidanmu. Bai ko jingine kekensa ba ya shaida mini Allah ya karɓi ran Malam Abdulgani magini da hantsi, an kuma kai shi makwancinsa kafin Azahar. Na Allah muke, gare shi za mu koma. Ya rasu yana da shekara sittin da 'yan kai, bayan ciwon ƙirji na kwana goma sha ɗaya.

Ni ne Jibrin, ɗan ƙanensa. Shi ya riƙe ni tun ranar da mahaifina ya rasu, shi ya koya mini gini, shi ya yi mini aure. Karatuna bai wuce na allo ba, sai ajin yaƙi da jahilci inda na koyi wannan rubutu. Na yi kusan wata guda ban rubuta kome ba, ba don rashin abin faɗa ba, sai don akwai abin da nake jira in gani da idona a bangon masallacin unguwarmu. Yanzu na gani.

Baffa, duk wanda ya san ka ya san ba ka fara gini sai ka ɗanɗana ƙasar wurin. Kakan ɗebi kaɗan ka sa a harshe, ka murza saura tsakanin yatsu, sa'an nan ka ce a haƙa nan, ko a matsa gaba. Mutane na dariya, amma daga Gwandu zuwa Masama da Dodoru ban san soron da ka sa wa hannu ya faɗi ba. Ba ka ɗora tubali sai ya bushe har ciki, ko da mai gida na tsaye kanka yana tuna maka bikin ɗansa ya matso. Na tuna shekarar da muke dawowa daga wani aiki ta Diggi, ka hangi rufin ɗakin Delu, wata tsohuwa marar kowa, ya lotsa. Ka sauka daga jaki ka kama gyaran rufin. Kwana biyu muka yi can. Da za mu tafi ta kawo ƙwaryar gero, ka ce mata ai ka riga ka sha furarta sau huɗu, kuma furar ta fi aikin kyau, don haka ita ke bin mu godiya.

A shekarar 1954 wani Bature injiniya da kuka yi aikin gidan saukar baƙi tare ya nemi magini guda da zai je Ingila, ya nuna wa mutanen can yadda muke ɗaure bakan gizo, wato rufin soro mai lanƙwasa da ake yi da azara da ƙasa. Kai aka zaɓa. Inno, uwargidanka, ta cika maka jaka da ƙuli-ƙuli da yaji kamar za ka ƙasar da ba a dafa abinci. Wata huɗu ka yi. Da ka dawo zaure ya cika, kowa na tambaya: jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari, da girman teku, da ko gaske ne rana ba ta fitowa can. Kakan ba su amsa gajeriya, sa'an nan ka koma kan labari guda, na wata tsohuwar majami'a, ɗakin ibadar Kiristoci, a ƙauyen su Baturen. Na ji labarin nan ya fi sau talatin, bai taɓa sauyawa ba.

Ka ce ƙauyen bai kai Diggi girma ba. Majami'ar da dutse aka gina ta, an ce maka ta haura shekara ɗari shida. Ba ranar ibadarsu ba ce, babu kowa ciki sai wani tsoho mai kula da wurin, riƙe da mabuɗi mai tsawon ludayi. Ka tsaya ƙofa kana shawara da zuciyarka, daga baya ka ce, ni magini ne, gini na zo gani, imanina yana ƙirjina. Ka tuɓe takalma. Tsohon ya yi ta nuna maka da hannu ka mayar, ka ƙi, ko da yake sanyin dutsen ya hau maka har haƙora.

Kana cikin tafiya ka ga rubutu a kan duwatsun daɓen, ka tambaya. Baturen ya ce kaburbura ne na mutanen da. Ka daskare inda kake. Daga nan ka bi gefen bango, kana tsallake duk dutsen da ke da rubutu. Baturen ya yi dariya. Tsohon bai yi ba. Ya dube ka, sa'an nan shi ma ya biyo gefen bango a bayanka, a ginin da ya yi shekara arba'in yana sharewa.

Baturen yana ta nuna maka tagogi masu gilashi launi-launi da hotuna, kai kuwa hankalinka na kan bango. Da ya gaji da tafinta ya tafi shan shayi, ya bar ku ku biyu da tsohon, ba ka jin nasa, ba ya jin naka. Ka ce daga nan ne kuka fara fahimtar juna. Ya nuna maka 'yan alamomin da masassaƙan farko suka bari a jikin duwatsu, kowane mutum da tasa, don babu wanda ya rubuta sunayensu. Kai kuma ka nuna masa wani bakan gini da ya karkace kaɗan, inda maginin ya kuskure awo ya gyara daga sama, kuka yi dariya tare, kuna yi wa mutumin da ya mutu shekara ɗari shida uzuri. Ka lura bangon duk faci ne, wani dutse fari, wani ja-ja, wani sabo, wani ya cinye. Kowane zamani ya cire abin da ya lalace ya sa nasa, babu wanda ya ce a rushe a sake.

Sa'an nan ya hau da kai wata ƙuntatacciyar matattakala mai murɗewa har saman rufi. Ya nuna maka hanyar ruwa da aka shimfiɗe da darma, da 'yar tsintsiya da cokalin da yake kwashe ganye da kashin tsuntsaye. Ya ɗaga yatsu huɗu: sau huɗu a shekara. Indararonsu na dutse ne, an sassaƙa su da kawunan wasu munanan halittu. Ka ce ka nemi tsari da ka gan su, amma da kuka sauko sai da ka auna da ƙafa inda ruwansu ke faɗuwa. Taku biyar daga gindin bango.

Abu na ƙarshe da ya nuna maka shi ne wata tsaga a bangon hasumiya. An gitta mata ɗan gilashi mai tsawon yatsa, an liƙe bakinsa biyu a jikin bango, dama da hagun tsagar. Ya kwatanta maka da hannu har ka gane: in bangon yana motsi, gilashin zai karye, don gilashi ba ya miƙewa. In bai karye ba, tsagar ta tsaya inda ta tsaya. Nasa ya shekara ashirin bai karye ba. Lokacin Azahar ya yi, ka fita waje ka shimfiɗa mayafinka a kan ciyawa, tsohon ya ja baya ya tsaya bakin hanya don kada wani ya gitta gabanka. Da za ku rabu ya ba ka irin gilashin nan guda, naɗe cikin hankici.

Kakan rufe labarin da cewa: “Ba dutse ya riƙe wanga gini ba. Na ga dutsen, ruwa na cinsa kamar yadda yake cin ƙasarmu, sai dai a hankali. Tsintsiyar tsohon nan ta riƙe shi, da tsintsiyar wanda ya gada, da ta wanda shi ma ya gada.” Mutane suka ce an kai ka Ingila ka dawo da labarin shara. Suka sa maka suna Malam Indararo. Ka amsa sunan, har kakan tsaya ƙofar gidan mutum kafin damina ka yi sallama, ka ce Malam Indararo ne ya zo gaida rufi.

Masallacin unguwarmu a Kalgo mahaifinka Bawa ya gina shi, kakana ke nan. Ƙarami ne, sahu huɗu yake ci. A daminar bara bangon gabas ya tsage daga rufi har daidai ƙugun mutum, tsagar da tafin hannu ke shiga. Ƙarƙashin bangon nan liman, Malam Abubakar, yake tsayawa. Ba zan ɓoye ba, Baffa, ni na fara cewa a rushe. Na koyo aikin siminti a Birnin Kebbi, ina ganin ƙasa ta zama tsohon yayi, samarin unguwa kuma suka goyi bayana. Tsoronmu ba na banza ba ne, don kowa ya san yadda bango ke faɗuwa cikin damina ba sallama. Aka tsayar da shawara bayan ƙaramar Salla za a sa diga, a yi salla a rumfa har kaka, sa'an nan a tada na bulo da kwano.

Labari ya kai maka Gwandu, ka hau jaki ka taho. Ba ka yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan zafi ke nan. Ka nemi tsani ka hau rufi. Indararo biyu na gabas duk sun toshe da ƙasa da sheƙar tattabaru, ruwa yana taruwa a sama yana bin jikin bango yana kwanciya a gindinsa. Ka sauko ka tambayi jama'a wane ne na ƙarshe da ya hau ya share. Aka shiga duban juna. Daga baya ladan, Malam Sambo, ya ce mahaifina ne, shekara tara da suka wuce. Ba ka dube ni ba.

Ka ce wa dattawa bangon bai mutu ba, jiƙa ya sha, su ba ka damina ɗaya. Liman ya ce, “Malam Abdulgani, kaina ne a ƙarƙashin bangon nan, ba naka ba.” Ka ce, “To, bari ya zama namu mu biyu. Zan zauna Kalgo har ruwa ya ɗauke, salla biyar ina bayanka, daidai tsagar. Kuma ba maganata za ku bi ba, bangon zai faɗi gaskiyarsa da kansa.” Ka kwance hankicin nan ka fito da gilashin, ka bayyana yadda yake aiki: in ya karye a rushe, in damina ta wuce bai karye ba a bar masallaci. Suka yarda. Ka juyo gare ni ka ce, “Jibo, kawo mini simintin naka cikin tafin hannu. Yau za mu ga amfaninsa.” Da shi ka liƙe gilashin a tsagar, ta cikin masallaci. A makon nan muka buɗe indararo muka ƙara musu tsawo, muka haƙa wa ruwa hanya taku biyar daga gindin bango, muka tokare bangon daga waje da gini mai kauri.

Ba a jima ba aka fara raɗe-raɗi cewa ka kawo layar Turawa daga majami'a ka kafa a alƙibla. Ba wanda ya faɗa a gabanka. Washegarin babban ruwan farko, aka shigo sallar Azahar aka tarar gilashin ya fashe. Kafin a idar da salla samari sun jingine diga a ƙofa. Na matsa na duba. In bango ya ja gilashi, karaya ɗaya zai yi, daidai kan tsagar. Wannan kuwa ya tarwatse daga tsakiya, ga ɓarɓashinsa a kan tabarma, simintin kuma bai gusa ko kaɗan ba. Duka ne, ba motsin bango ba. Na san kai ma ka gani, amma ka bar mini maganar, don ni ne shugaban masu son rushewa. Na faɗi abin da na gani.

Sai Malam Sambo ya tashi. Ya ce shi ne, da sandarsa. Ya yi shekara talatin yana kiran salla a masallacin nan, ya kasa samun natsuwa yana ganin abin da ya fito daga ɗakin ibadar wasu a gaban masu sujada. Wasu suka fara ɗaga masa murya. Kai kuwa ka ce, “Gaskiyarka, Malam Sambo. Kishin salla ya sa ka, kuma laifina ne da na sa shi inda na sa shi. Gilashin Ingila ba shi da wani asiri, kowane gilashi zai yi.” Ka aika kasuwa aka karɓo ɓallen gilashi daga tsohon akwatin wani mai sayar da turare. Tsagar ta ratsa bangon har waje, don haka ka ce a sa shi ta waje, kada kome ya tsaya gaban masallata. Ka miƙa wa Malam Sambo ya liƙa da hannunsa. Sa'an nan ka ce tun da idonsa ya yi rauni amma yatsunsa ba sa ƙarya, shi zai riƙa shafa shi kullum kafin ya kira Asuba, ya gaya wa jama'a halin da yake ciki. Mutumin da ya shigo da kunya ya fita da amana. Tun daga ranar ba a sake jin zancen laya ba, kuma babu yaron da ya isa ya wuce kusa da bangon nan da dutse a hannu.

Ka cika alkawari. Ka bar wa ɗanka Abu gonarka ta Gwandu, ka zauna ɗakin baƙi na gidanmu. Salla biyar kana bayan liman. Duk ruwan da aka yi, da ya tsagaita kana kan rufi da tsintsiya. Na roƙe ka ka bar mini hawan, ka ce in riƙe tsani tukuna, lokacina na zuwa. Watan Agusta ya zo da ruwa irin wanda dattawa suka ce sun daɗe ba su gani ba, ɗakuna uku suka zube a unguwarmu. Kowace safiya Malam Sambo yana cewa gilashi na nan. A farkon Satumba ruwa ya rutsa ka a saman rufi, ka sauko da tari. Da jikin ya yi nauyi aka zo daga Gwandu aka ɗauke ka, kana ta ba liman haƙuri cewa ka bar sahu kafin wa'adi. Ka ce in tsaya a gurbinka bayan liman. Da aka ɗora ka kan jaki ka kira ni ka ce, “Kada ka cika tsagar sai ruwa ya ɗauke sarai. In gilashin ya karye, kai za ka fara sa diga. Kada ka ji kunyata, ran mutum ya fi ginin Bawa.” Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan rasuwarka an yi manyan ruwa biyu. Na biyun ya zo da iska daga gabas, ya yini yana dukan bangon nan. Yanzu mako biyu ke nan ba a ga hadari ba, an shiga kaka. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan La'asar, liman ya tara unguwa a bayan masallaci. Malam Sambo ya miƙa mini sandarsa, ya sa yatsu ya bi gilashin daga wannan baki zuwa wancan, sau biyu. Ya ce, “Lafiyarsa lau.” Liman ya ce shi ke nan, masallacin Bawa ba za a rushe shi ba, bana ko baɗi.

Jiya muka cika tsagar. Na ɗanɗana ƙasar kafin a kwaɓa, samarin da muka so rushewa tare su suka taka ta. Gilashin mun bar shi inda yake. Na kafa maratayi a cikin shigifar masallaci na rataye tsintsiyarka, kusa da tsani. Sau huɗu a shekara, Baffa. Na ɗauka, kuma zan nuna wa wanda zai gaje ni.

Ban san sunan tsohon nan na Ingila ba, kai ma sunan ya gagari bakinka. In akwai mai karanta wannan da Allah zai kai shi ƙauyen, ya gaya masa baƙon nan da ya ƙi taka kaburbura ya riga mu gidan gaskiya, kuma kyautarsa ta tsayar da masallaci a Kalgo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inno, uwarmu, da 'ya'yanka Abu da Rahmatu da Larai, da jikokinka, da dukan magina na Gwandu da Kalgo, da liman Malam Abubakar da Malam Sambo, waɗanda suka yi rashin aboki. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah, bawanka Abdulgani ya yi rayuwarsa yana rufa wa mutane asiri daga ruwa da rana, ka rufa masa nasa asirin. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk sujadar da za a yi ƙarƙashin rufin da ya tsare, ka sa masa rabo a cikinta. Ka gina masa gida a Aljanna, inda bango ba ya tsagewa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.